Kyaftin Mai Igiyar Labule

Sau ɗaya tak Shaho ya taɓa hawa jirgin sama a rayuwarsa, shi ma waɗanda suka yi tafiyar tare da shi sun ce tun daga tashi har sauka kansa na cikin ledar amai. Amma da za ka zauna a shagon ɗinkin yayarsa ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse a cikin gajimare aka haife shi. Shi ya raɗa wa kansa Shaho. Telolin shagon kuwa idan ya ba da baya Zakara suke ce masa, wai fukafukin akwai, tashin ne bai wuce kan katanga ba.

Aikinsa a shagon babu mai iya faɗa maka. Ba ya yanka, ba ya ɗinki, guga ma an hana shi tun ranar da ya bar tambarin dutsen guga a gadon bayan rigar wani ango. Shi dai yana nan kullum a kan teburin yanka, yana kaɗa ƙafa yana gyara wa duniya zama.

To, shekarar ta zo wa shagon a karkace. Aiki ya ja baya, kekuna suka koma shiru, har Yaya ta fara kallon telolinta tana kawar da kai. Ta san in aka ci gaba a haka sai ta sallami wasu, kuma a cikinsu har da Baba Mai Almakashi, tsohon da yake yanka a shagon tun mahaifinsu na da rai. Ana cikin wannan hali sai wani babban otal a wani gari mai nisa ya nemi wanda zai ɗinka wa ma'aikatansa kaya, tun daga masu tsaron ƙofa har masu shara. Yaya ta aika hotuna, aka ce sun yi. Sai dai Manajar otal ɗin ta ce ita ba ta sayen ɗinki a hoto. A kawo mata samfuri ta taɓa da hannunta, ta juya cikinsa ta ga bakin ɗinki, kuma a ranar da ta sa, kafin a tashi daga ofis, don a ranar za ta zaɓi shago ɗaya cikin masu nema.

Suka duƙufa suka yi kwat ɗin mai tsaron ƙofa, shuɗi mai duhu, da wandonsa da hularsa mai baki. Baba ya yanka, Yaya ta ɗinka da kanta. Kwat ya fito tsaf, ba hayaniya, in ka gan shi ka san masu hankali ne suka yi shi. Ba a gama ba sai ana gobe ranar. Sai maganar wanda zai kai. Yaya na da tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya. Baba kuwa ya ce shi ba ya shiga abin da in ya lalace ba a iya sauka a tura.

Shaho ya diro daga kan tebur.

"Yaya, ana maganar sama kuma kina waige-waige? In bi jirgin safe, in nuna kaya, in sa hannu, in biyo na yamma. Ki zuba mini abincin dare ki ajiye, kada ma ki rufe shi, ba zai huce ba."

Baba ya ce, "Da dai an sa shi a mota tun yanzu, ya kwana can."

"Mota! Baba, zamani ya wuce ku ya bar ku riƙe da almakashi. Ni filin jirgi kamar tsakar gidanmu na san shi."

"Tsakar gidan ma ai ka taɓa faɗawa kwata a cikinta."

Teloli suka sunkuyar da kai a kan kekuna, kafaɗu na rawa. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta dubi sauran, ta ga babu zaɓi. Ta sa kwat ɗin a rigar leda, ta rataye shi a maratayi, ta miƙa masa da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

"Don Allah ka saurare ni. Kada ka buɗe shi sai a gabanta. Kada ka ƙara magana a kan wadda aka tambaye ka. Abincin mutanen nan ne a hannunka."

Ya ce, "Yaya, ki ɗauka an gama."

Da gari ya waye, Shaho ya rataye kwat a jikin ƙofar ɗakinsa ya tsaya yana kallo. Ɗinki dai ya yi, wannan ko maƙiyi ya yarda. Amma a ganinsa babu kwarjini. Otal mai hawa-hawa, a ce mai tsaron ƙofarsa ya tsaya haka salam kamar ɗan makaranta? Ya waiga, idonsa ya faɗa kan labulen tagarsa, mai igiyar ado ruwan gwal a baki. Nan take ya sa reza. Ya taɓa ganin matuƙan jirgi da layi huɗu a hannun riga, shi kuwa don kada a raina otal ɗin mutane sai ya yi shida. Tunda allura ba ta jin maganarsa, ya ɗauko gam ɗin liƙe takalmi ya shafa, ya danne da tafin hannu. Ragowar igiyar ya zagaye hula da ita.

Ya ce a ransa, Manaja sai ta gode mini.

Daga nan kuma ya ga ai riƙe kwat a hannu aikin ɗan koyo ne, ga tsoron ya yamutse a tasi. Matafiyi na gaske kayansa a jikinsa suke. Ya sa wando, ya sa kwat, ya kafa hula, ya dubi madubi. Shi kansa sai da ya ɗan ja da baya.

A wurin bincike jami'in ya dubi tikiti, ya dubi hannun rigar, ya sake duban tikiti, ya girgiza kai ya ce ya wuce. Yana shiga zauren jira, wani mai goge ƙasa ya janye bokitinsa da sauri.

"Sannu da aiki, Kyaftin."

Shaho ya waiga ya ga ko wani na bayansa. Babu kowa. Wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Da ya ce, "A'a, ni ɗan aike ne," da labarin nan ya ƙare a nan, kowa ya huta. Sai ya ɗaga yatsu biyu zuwa bakin hula ya ce, "Yawwa, a ci gaba da ƙoƙari."

Ya ratsa zauren yana taku ɗai-ɗai. Wani ya ɗauke jakarsa daga kan kujera ya ba shi wuri. Wata uwa ta nuna shi da leɓe ta ce wa 'yarta, "Kin ga wanda zai kai mu." Mai sayar da shayi ya ƙara masa madara ba a tambaye shi ba. Shaho ya harɗe ƙafa yana kurɓa, yana duban jiragen da ke waje ta gilashi da irin kallon da makiyayi ke yi wa garkensa.

Ana haka lasifika ta yi kaki, wata murya ta ba da haƙuri ta ce jirgin safe zai ɗan yi jinkiri. Zaure ya ɗauki guna-guni. Sai kawuna suka fara juyowa, ɗaya bayan ɗaya, duk wajen Shaho.

Wani ƙato mai wuya kamar turmi, dillalin kayan gini, ya matso ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, me ya samu jirgin namu? Ina da kaya da za a sauke yau, in ban je ba an cuce ni."

Shaho ya ajiye kofi a hankali.

"Ƙaramin abu ne. Iskar taya ce ta ɗan yi ƙasa. Na ce kada a kuskura a tashi sai an ƙara."

"Allah ya saka da alheri! Kun ji ko? Iskar taya ce kawai."

Magana ta zagaya zaure, kafin ta kai ƙarshen kujeru ta zama wai Kyaftin da kansa ya tsuguna ya latsa tayar da yatsa. Wata tsohuwa mai ƙaramar jaka ta jawo jiki kusa da shi. Ta ce 'yarta ce aka kwantar a asibiti a can, za a yi mata aiki, tana so ta gan ta kafin a shiga da ita.

"Iya, kwantar da hankalinki. Muddin ina cikin zauren nan, jirgin nan sai ya tashi."

Wannan kam ya faɗi gaskiya rabi, don yana cikin zauren.

Rana ta ɗaga, lasifika ta sake kaki, aka sake ba da haƙuri. Ƙato ya dawo.

"Ranka ya daɗe, har yanzu iskar ce?"

"An gama da iska. Mai na sa a juye, wanda suka zuba bai yi mini ba. Ina jin ƙanshinsa tun daga nan."

Da aka sake ɗagawa kuma ya ce wani gajimare ne mai taurin kai ya tare hanya, ya tura a dubo. Wata mata ta tambaye shi ko gaskiya ne kujerun baya sun fi jijjiga, ya ce shi ya sa shi kullum a gaba yake zama. Wani ya roƙe shi hoto, ya gyara hula ya tsaya. Kafin azahar Shaho ya tara jama'a ta kansa, sun yi masa da'ira, yana ba su labarin ranar da inji ɗaya ya mutu masa a sama ya sauko da jirgi da dabara da addu'ar iyaye.

Wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Ya miƙe ya ɗan matsa, amma kunnuwa suka biyo shi.

"Ka sauka?"

Ya ƙara wa murya kauri. "Muna kan shiri. A ci gaba da ɗumama injin."

"Wane inji? Kai da wa kake magana? Ba ku tashi ba har yanzu?"

"Komai na hannuna. Kada kowa ya taɓa komai sai na zo."

"Ka haukace ne? Ina kwat ɗin?"

"Yana... wuri mai kyau. Sai na kira."

Ya kashe, ya juyo ya ce wa jama'a, "Yaran hasumiya ne. In ba ka tsaya a kansu ba, ba sa aiki."

Bai koma kujera ba lasifika ta sake magana, wannan karon da abin da ya shafe shi kai tsaye. Aka ce har yanzu ba a san lokacin tashi ba, amma akwai jirgin wani kamfani da zai bi hanyar nan ba da jimawa ba, yana da 'yan kujeru. Duk mai uzurin gaggawa ya je kantar ma'aikata da tikitinsa a sauya masa.

Shaho ya tsaya cak. Wannan ita ce ƙofar, kuma ya gane ta. In ya shiga jirgin nan zai isa otal da sauran rana. Ya shafa aljihu, ya ji tikitinsa. Ya dubi kanta, inda har wasu sun fara jeruwa. Sannan ya dubi hannun rigarsa. Yaya za a yi mai layi shida ya bi layi, ya tsaya bayan wani mai ledar burodi, ya miƙa tikiti ya ce a taimaka masa?

Ƙato ya ce, "Ranka ya daɗe, mu je ne?"

In suka tafi gaba ɗaya kujerun sun ƙare kafin ya san dabarar yi. Don haka ya taɓe baki.

"Wancan jirgin? Na san shi, na san mai tuƙa shi. Ni ko akuyata ba zan sa a ciki ba. Namu na gab da tashi."

Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna, har da masu godiya. Layin ya rage 'yan tsiraru marasa jin magana. Sai Shaho ya ƙulla dabara: zai raka Iya zuwa kantar kamar mai taimako, in ya isa ya sunkuya ya raɗa wa yarinyar da ke wurin ta sauya nasa, ba wanda ya ji.

"Iya, taso in bincika miki wani abu."

Dabara ta yi kyau, illarta ɗaya, Ƙato mutum ne mai ladabi. Ya karɓi jakar Iya ya biyo su, ya tsaya dab da kafaɗar Shaho yana numfashi a wuyansa. Suna isa, ma'aikaciyar kanta ba ta ko ɗago kai daga kwamfuta ba ta ce, "Kujera ɗaya ta rage. Wa zan sa?"

Tikiti ya yi zafi a aljihun Shaho kamar garwashi. Ya tuna fuskar Yaya, ya tuna Baba da almakashinsa. Ya buɗe baki. Ya waiga ya ga Ƙato na dubansa da ido cike da girmamawa, ga jama'arsa can sun zuba ido su ga yadda manya ke aiki.

Ya ce, "Iya mana. Wa kuma?"

Ƙato ya ce, "Amma ranka ya daɗe, ba ka ce ko akuya..."

Iya ta miƙa tikitinta da sauri. "Ni na fi akuya taurin rai, ɗan nan. 'Yata na jira."

Aka buga mata takarda. Ta karɓi jakarta, ta sa wa Shaho albarka da ƙarfi kowa na ji. Sannan ta jawo hannun rigarsa, ta kawo baki kusa da kunnensa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Irin igiyar nan ce a labulen ɗakina, sai dai tawa ba ta warin gam."

Ta wuce abinta, tana ɗingishi tana sauri.

Shaho na tsaye yana kallo ta gilashi jirgin da ba ya ɗaukar akuya ya yi gudu ya ɗaga sama lafiya lau. Waya ta sake ƙara. Wannan karon ya lallaɓa bayan wani ginshiƙi.

Yaya ce kuma. "Na duba a waya, na ga jirginku bai tashi ba. An ce akwai wani, ka samu?"

"Ya cika, Yaya. Kin san mutane da son kai."

"Innalillahi. To saurara. Na kira Manaja na roƙe ta kamar zan yi kuka. Ta ce ba ta saba ba, amma za ta duba ta kiran bidiyo, tunda laifin jirgi ne. Za ta haɗa mu gaba ɗaya. Ka nemi wuri mai haske, ka fito da kwat ɗin daga ledarsa, ka riƙe shi da kyau, ka juya mata cikinsa. Bakinka kuma ka rufe shi. Ka ji?"

"Na ji."

Gumi ya karyo masa. Ya faɗa banɗaki ya kulle, ya kama igiyar labule ya ja. Gam ɗin takalmi kuwa an yi shi ne don ruwa da laka, bai san wasa ba. Ya sa farce, ya sa haƙori, ya sa makullin ɗakinsa. Layi ɗaya ya ɗago, ya taho da fatar yadin, ya bar wani farin tabo, ya tsaya yana reto kamar jelar ɓera. Ya koma ɗaya hannun, makulli ya zame ya huda yadin. Yana cikin wannan kokawa ya jiyo lasifika daga waje, a sarari ba kaki: an soke tashin jirgin gaba ɗaya, sai gobe, kamfani na ba da haƙuri.

Zaure ya fashe da hayaniya.

Shaho ya yanke shawarar zama a banɗaki har gobe. Bai daɗe da yankewa ba aka buga ƙofa, bugun da ya sa marfin ya yi rawa.

"Kyaftin! Fito."

Babu ranka ya daɗe a ciki.

Ya fito yana gyara hula, ya tarar da jama'arsa cif, babu wanda ya ɓata, sai dai fuskokin ne aka sauya. Mai kayan da za a sauke, mai jarrabawar neman aiki, mai zaman kotu, matar da ya ce wa kujerar gaba ta fi, duk ga su.

"Kai ka ce mu zauna!"

"Ina iskar tayar?"

"Gajimaren ne ya ƙi matsawa?"

Ya ɗaga hannu, jelar igiya na lilo. "Jama'a, a yi haƙuri. Ni na ba da umarnin a soke, don lafiyarku. Da wani ne da ya tashi da ku haka nan."

Ƙato ya damƙi ɗaya hannun rigar, wanda makulli ya huda. "Kai ka soke? To kai za ka kai ni, ko a bayanka ne."

Daidai nan wani dattijo mai furfura ya zo wucewa yana jan ƙaramar jaka, farar riga da baƙin kwat, ma'aikatan jirgi na biye da shi. Wani ya yi ihu, "Ga abokin aikinsa nan, a tambaye shi!" Dattijon ya tsaya. Ya dubi Shaho daga hula har takalmi, ya kama ɗaya hannun rigar ya ƙirga da yatsa.

"Ikon Allah. Ni da na tsufa a sama huɗu gare ni. Yallaɓai, wane kamfani?"

"Na... na ƙasa da ƙasa."

"Wane irin jirgi kake tuƙawa?"

"Manya."

"Manyan me?"

Kafin Shaho ya ƙirƙiro amsa, waya ta ɗauki ƙara a aljihunsa. Ya kai hannu, Ƙato ya riga shi.

"Ogansa ne! Yawwa, yau sai na yi magana da kamfani."

Ya latsa. Fuska biyu suka bayyana. A sama wata mata mai tabarau a ofis mai sanyi, alƙalami a hannu. A ƙasa Yaya, ta yi kwalliya ta gyara ɗaurin ɗankwali, teloli sun yi cincirindo a bayanta, Baba na leƙowa ta gefe.

Ƙato ya ce, "Ku ne masu kamfanin? To ga Kyaftin ɗinku, ya hana mu shiga jirgi, ya soke namu, ya shiga banɗaki ya ɓuya!"

Ya juya wayar ya haska Shaho tun daga sama har ƙasa, a wuri mai haske kuwa, kamar yadda Yaya ta nema. Hula ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan kwat, igiyar labule na reto, mutum biyu na riƙe da hannuwansa.

Yaya ta dafe ƙirji. "Wane Kyaftin? Ƙanena ne! Wannan ko keke ba ya hawa sai an riƙe masa! Kai, me ka yi wa kwat ɗin? Mene ne wannan a hannun?"

Daga bayanta aka ji muryar Baba, a natse. "Labule ne."

Dariyar da ta tashi a zauren nan har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa. Masu fushi ma suka rasa yadda za su yi, suna zagi suna riƙe ciki. Wayoyi suka ɗaga ta ko'ina.

Manaja ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau.

"Wannan ne samfurin?"

Shaho ya ga in bai yi magana yanzu ba ya mutu. "Ranki ya daɗe, ƙarin kwarjini ne. Ki duba yadda jama'a suka taru a kaina tun safe. In mai tsaron ƙofarku ya sa wannan..."

"Sai baƙi su tambaye shi yaushe otal zai tashi," in ji dattijon mai layi huɗu, ya ja jakarsa ya wuce.

Manaja ta ce, "Mai tsaron ƙofa na nema. A juya mini cikinsa in ga ɗinkin."

Shaho ya yunƙura zai tuɓe, ya hango jami'an tsaro biyu na ratso jama'a. Sai ƙafarsa ta yanke shawara ba ta tambaye shi ba. Ya fizga zai gudu, Ƙato kuwa bai saki ba. Ɗinkin Yaya bai motsa ba ko zare ɗaya, amma yadin, daidai inda makulli ya huda, ya ce kyaaat, ya tsage har gwiwar hannu. Ƙato ya tsaya riƙe da rabin hannun riga mai layi shida a hagu, waya a dama.

Manaja ta ce, "Na gani. Na gode." Fuskarta ta ɓace.

Ta Yaya ta ɗan jima. Sannan ta kai hannu a hankali ta kashe.

Jami'an tsaro suka tafi da shi wani ɗaki, suka cire hular suka ajiye a tebur, suka sa shi ya maimaita labarin tun daga labule. Duk wanda ya shigo sai a ce ya sake daga farko. Da suka gaji da dariya suka ja masa kunne suka sake shi. A bakin ƙofa ya ci karo da mai goge ƙasan nan. Wannan karon bokiti bai matsa ba, Shaho ne ya zagaye.

Ya isa shago rana na faɗuwa, da hannu ɗaya da rabi. Kekuna shiru, kowa na zaune. Abincinsa na kan teburin yanka a buɗe, kamar yadda ya yi umarni, ya sandare.

Ya gyara murya. "Yaya, kamfanonin jiragen nan sai an kai su ƙara. Da ni ne ke..."

"Tuɓe."

Ya tuɓe. Ya shirya wa ihu, ya shirya wa zagi, har ya tanadi amsoshi a tasi. Ba ta ba shi ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta zauna ta kankare igiyar da reza, ta yanko ƙyalle ta haɗa hannun, ta goge kwat ɗin da kanta, hawaye na ɗiga a kan yadin tana bi da dutsen guga.

Otal ya ba wani shago aikin. Ƙarshen wata Yaya ta lulluɓe kekuna uku da zane.

A ranar ta kira Shaho ta miƙa masa kwat ɗin, ba igiya, ba kwarjini, sai faci a hannun dama.

"Sa. Otal bai samu mai tsaron ƙofa daga wurinmu ba, mu mun samu. Ka tsaya can. Mai shiga ka buɗe masa, mai fita ka buɗe masa. Kada ka ƙara magana a kan sannu."

Ya tsaya a bakin ƙofa, maƙwabta na leƙe, masu shagon gefe na sara masa da yatsu biyu. Wani jirgi ya ratsa sama, bakinsa ya yi ƙaiƙayi zai ce wannan ya makara, sai ya ji taku a bayansa.

Baba ne. Ya naɗe almakashinsa a tsumma ya saƙale a hammata, ga tabarmar sallarsa da kofin shayinsa a leda. Yaya na can ciki ta juya baya, kafaɗunta na rawa, wannan karon ba dariya ba ce. Tsohon ya tsaya a gaban ƙofa yana jira, bai kai hannu ba.

Shaho ya buɗe masa.

Baba ya dubi facin hannun rigar, ya shafa shi da yatsa ya ga ya zauna daidai. Sannan ya ɗaga ido.

"Sannu da aiki, Kyaftin. Ka sauke mu."

Ya fita. Shaho ya tsaya riƙe da ƙofa, kuma tun da aka haife shi ranar ce ta farko da aka yi masa magana bai samu amsa ba.